Bury St Edmunds: gidan ibadar da ya haifi gari, ya ƙi yaye shi

A gabashin Ingila, cikin lardin Suffolk, akwai wani gari mai suna Bury St Edmunds. A tsakiyarsa akwai lambu mai faɗi inda kangayen dutse ke tsaye nan da can. Su ne abin da ya saura na ɗaya daga cikin gidajen ruhubanawa mafi arziki da Ingila ta taɓa yi, gidan da ya mulki garin sama da shekara 500.

Asalin shaharar wurin kabari ne. A shekarar 869 mayaƙan Danemark suka kashe Edmund, sarkin yankin, jama'a kuma suka ɗauke shi waliyyi. A farkon ƙarni na 10 aka kawo gawarsa wannan wuri, masu ziyara suka fara tururuwa. A 1020, zamanin Sarki Kanut, aka danƙa hubbaren ga ruhubanawa mabiya ƙa'idar Benedikt. Wannan ƙa'ida, wadda aka rubuta a Italiya cikin ƙarni na 6, ta raba yinin mai binta tsakanin addu'a da karatu da aikin hannu, ta kuma hana shi aure da mallakar kome nasa na kansa.

Sai dai ƙa'idar mutum ɗaya ta hana wa dukiya, ba ta hana wa gidan ba. Sarki Edward ya ba shi ikon shari'a a kan yammacin Suffolk da izinin buga kuɗi. Baldwin, likita Bafaranshe da ya shugabanci gidan daga 1065 zuwa 1097, ya shata sabon gari mai miƙaƙƙun tituna a ƙofarsa. Littafin ƙidayar dukiya na 1086 ya nuna an gina gidaje 342 a filin da dā gona ne. Majami'ar da aka soma ginawa a zamaninsa ta kai tsawon mita 150 da ɗoriya. A nan ne kuma, wajen 1135, wani gwani mai suna Hugo ya ƙawata kwafin Littafi Mai Tsarki da ke ajiye yau a Cambridge.

Ta haka shugaban ruhubanawa ya zama ubangidan mutanen gari. Shi ke karɓar kuɗin haya da harajin kasuwa, shi ke naɗa masu kula da gari, kotu ma tasa ce. Wani ɗan gidan, Jocelin na Brakelond, ya rubuta labarin zamanin shugaba Samson (1182 zuwa 1211), kuma mai karanta shi zai ga rigimar bashi da gonaki ta fi zancen ibada yawa. Samson ya tarar da gidan cikin bashi, har da na masu ba da rance Yahudawa. A 1190 aka kashe Yahudawa 57 a garin, shi kuwa ya nemi izinin sarki ya kori waɗanda suka rage.

Yayin da fatake da masaƙa suka yi ƙarfi, sai suka ga wasu garuruwan Ingila suna samun takardar ƴanci daga sarki, suna zaɓen shugabanninsu, su kuwa suna nan ƙarƙashin ruhubanawa. A watan Janairu na 1327 tura ta kai bango. Mutanen gari suka fasa ƙofar gidan, suka kwashe takardun bashi, suka tilasta wa shugaba Richard na Draughton sa hannu a kan takardar ƴancinsu. Daga baya ya warware alkawarin, aka shafe watanni ana ƙone-ƙone, har aka sace shi aka ƙetare teku da shi zuwa Brabant. Sarki ya goyi bayan gidan, aka rataye wasu, aka ci garin tara mai nauyi. Ƙofar da ruhubanawa suka sake ginawa tana nan har yau, da ramukan harbin kibiya a jikinta, tana fuskantar maƙwabtansu. A 1381, lokacin tawayen talakawa, aka sare kan mataimakin shugaban gidan, John na Cambridge, aka kafa shi a kasuwa tare da kan babban alƙalin ƙasa, John Cavendish.

Abin da bore ya kasa, sarauta ta yi shi cikin sauƙi. Bayan Sarki Henri na 8 ya ɓata da Paparoma, ya rufe gidajen ruhubanawan ƙasar ya ƙwace dukiyarsu. A watan Nuwamba na 1539 shugaba na ƙarshe, John Reeve, ya miƙa wuya. Aka kwashe zinariya da azurfar hubbaren, aka yaye darmar rufi, mutanen gari suka riƙa ɗibar sassaƙaƙƙun duwatsu suna gina gidajensu. Gawar Edmund ta ɓace tun daga lokacin.

Duk da haka ƴancin bai zo nan take ba, domin hakkokin gidan sarki ne ya gaje su. Sai a 1606 Sarki James na 1 ya ba Bury takardar mulkin kanta, shekara 279 bayan boren 1327. Sunan waliyyin da titunan da Baldwin ya shata kuwa, garin bai rabu da su ba.