Bin Sawun Saƙo a Cikin Waya

A 2005 na fara aiki a wani kafe da ke Mandawari a Kano: kwamfuta goma sha biyu, janareta ɗaya, da faifan tauraron ɗan Adam a kan rufi. Ranar da sakamakon WAEC ya fito, layi har bakin titi. Yaro zai kankare katinsa, ya shigar da lamba, ya zuba wa allo ido. Minti biyu, minti uku, shiru. Sai ya waiwayo: "Malam, sabis ɗinku ne fa." Mu kuma mu ce a'a, sabarsu ce a Legas. Daga mu har shi babu mai hujja.

Maigidana ne ya fara buɗe mini Ethereal, manhajar da Gerald Combs ya fitar a 1998, wadda ta koma Wireshark a 2006. Kafin ita akwai tcpdump, da aka rubuta a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka tun 1988. Aikinsu ɗaya ne: su zauna a bakin waya su kama duk ƙunshin bayanin da ya shiga ko ya fita, kowanne da lokacinsa. A daren da ya buɗe mini ita na ga abin da ke cin mu. Tauraron yana can sama, nisan kilomita kusan 36,000, saboda haka duk tambaya da amsarta sai sun ci fiye da rabin daƙiƙa. Burauzar lokacin hanya biyu kacal take buɗewa zuwa saba ɗaya. Shafi mai hotuna arba'in kenan ya cinye daƙiƙa goma sha biyu a zirga-zirga kawai, tun kafin a zo maganar cunkoso.

Na kuma ga abin da ban nema ba. Kalmomin sirrin mutane suna wucewa tsirara, ana karanta su kamar rubutun allo. Maigidana ya rufe shafin ya ce, "Wannan amana ce, ba ka gani ba." Ban sake jin ya yi mini magana da irin wannan murya ba.

Kamun yana gaya maka abin da ya riga ya faru ne. Mataki na gaba shi ne ka naɗi tafiyar mutum ɗaya, daga shigarsa zuwa cike fam zuwa biyan kuɗi, ka mayar da ita rubutaccen umarni da kwamfuta za ta riƙa maimaitawa tana auna lokaci. Manyan kamfanoni LoadRunner suke amfani da ita, ta Mercury Interactive, wanda HP ya saye a 2006 kan dala biliyan 4.5. Kuɗin lasisinta ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Mu JMeter muka kama, ta Apache, kyauta. Ka sa ta tsakanin burauza da saba, ka yi abin da ɗalibi zai yi, ita tana rubutawa.

A nan na sha kunyar da har yau nake tunawa. Wata makaranta ta ba ni aikin gwada shafin rajistarta kafin a buɗe. Na naɗi rajista ɗaya, na sake ta da ɗalibai ɗari uku na bogi. Komai kore, kowace amsa ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Na kai rahoto ina taƙama. Ranar buɗewa, kafin azahar shafin ya kwanta. Jami'in da ya ba ni aikin ya kira: "Malam, ba kai ka ce lafiya lau ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Da na koma kan kamun sai na ga ɓarnar. Duk wanda ya shiga, saba takan ba shi lambar shaida ta wucin gadi. Umarnina tsohuwar lambar da na naɗa yake ta miƙawa, saba kuma tana mayar da shi shafin farko, tare da lamba 200 mai nufin an amsa. Ɗalibaina ɗari uku a bakin ƙofa suka yini, ni ina ƙirga su a matsayin waɗanda suka gama. Gyaran shi ne ka koya wa umarni ya tsinto sabuwar lambar daga amsa ya ɗora ta a tambaya ta gaba, kuma ya duba ko kalmar da ake jira ta fito a shafin. Mu a shago ɗinki muke ce masa. Naɗi kowa ma zai iya. A ɗinkin ake sanin wanda ya iya aikin.

Daga baya waya ta yi duhu. Let's Encrypt ta fara raba takardun kulle shafi kyauta a ƙarshen 2015, a Yulin 2018 kuma Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba a kulle ba tambarin rashin tsaro. Alheri ne ga jama'a, amma mai kamu ya koma ganin lokaci da girman saƙo kawai. Sai aikin ya ƙaura cikin burauza: fayil ɗin HAR da take ajiyewa da kanta, da Selenium da Jason Huggins ya fara a 2004, sannan Playwright ta Microsoft a 2020, masu danna maɓalli kamar mutum.

Abin da nake yawan musu a kai da abokan aiki na Legas shi ne wurin da ake tsayawa a auna. Igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 sun fara aiki a Legas a 2010, amma daga can zuwa Kano akwai tafiyar kusan kilomita dubu, kuma ko katafilar aikin titi na iya tsinke waya. Ka shigo cikin Badala, ga lunguna, ga katangun ƙasa masu kauri, ga rufin kwano a rumfunan Kurmi. Ma'aunin da ke zaune a Landan ko Ikeja zai ce maka komai daidai. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na tsaya a Kurmi na ji wani yana cewa, "Alhaji, wallahi an cire a wajena," mai kaya kuma yana juya wayarsa, "Ni dai ban ga alat ba." Sun fi minti ashirin a haka, da turmin atamfa a tsakaninsu.

Tun daga nan na ajiye wata tsohuwar waya a rumfar ƙanin mahaifiyata, tana gudanar da umarni ɗaya duk minti biyar. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Kwaddibuwa, a zanen ma'auninta na fara ganin layi ya miƙe sama, kafin labari ya iso rediyo. Akwai kuma giɓin da ke fitowa kusan kullum bayan la'asar, na yi sati biyu ina neman dalilinsa a cikin kamu. Ashe yaron rumfar ne ke zare cajar ya sa tasa wayar.