Jiragen Dizal na ADK da ADL: Tarihin Aikinsu daga Perth zuwa Auckland, 1967–2022

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin aikin wasu rukunai biyu na jiragen ƙasa masu amfani da man dizal, ADK da ADL, waɗanda aka ƙera domin jigilar fasinja tsakanin tsakiyar birnin Perth na Ostareliya da unguwannin bayan gari, daga baya aka sayar da su ga birnin Auckland na Niyu Zilan a 1993. Matsayar maƙalar ita ce, babban abin da jiragen suka yi wa Auckland shi ne hana layin dogonsa mutuwa na tsawon shekara ashirin, har hukuma ta ga dalilin kashe kuɗin lantarki a kansa.

Asalin jiragen a Perth

Rukunin ADK shi ne babba a shekaru. Kamfanin Commonwealth Engineering ya ƙera guda 10 tsakanin 1967 da 1968 domin hukumar jiragen ƙasa ta Yammacin Ostareliya, kowanne yana tafiya da taragon da ba shi da injin ja, mai suna ADB. Rukunin ADL ya biyo baya daga kamfanin Goninan da ke Newcastle, tsakanin 1982 da 1985, shi ma guda 10, kowanne da taragonsa na ADC, jikinsu na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Abin da ya bambanta su da jirgin da aka saba gani shi ne ba su da kan jirgi daban. Injin yana ƙarƙashin daɓen taragon da fasinja ke zaune a ciki, kuma akwai ɗakin direba a kowane ƙarshe. Idan jirgi ya isa tashar ƙarshe, direba ya sauko ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, shi ke nan an juya. Jirgin da ke da kai kuwa sai an kwance kan, an zagaya da shi ta wani layin, an sake ɗaura shi, aikin da ke cin lokaci da ma'aikata da fili. A zirga-zirgar cikin gari, inda tashoshi ke kusa da juna kuma jirgi ke kai-da-komo sau da yawa a yini, wannan bambanci shi ne ke yanke yawan kuɗin da za a kashe a kan kowane fasinja.

Jiragen ADL sun zo ne a lokacin da makomar layin dogon Perth ke cikin rigima. Gwamnatin Yammacin Ostareliya ta Charles Court ta rufe layin Fremantle a 1979 ta sa bas a madadinsa, jama'a suka yi ta ƙorafi, gwamnatin Brian Burke ta sake buɗe shi a 1983. Bayan haka aka yanke shawarar sa wa layukan birnin lantarki, kuma sababbin jiragen suka fara aiki a 1991. Ke nan jiragen ADL ba su cika shekara goma ba aka ajiye su, alhali irin wannan jirgi yakan yi talatin ko fiye.

Auckland kafin 1993

Auckland ya daɗe da juya wa layin dogo baya. An daina taragon kan titi a 1956, aka buɗe babbar gadar da ta ratsa tashar ruwa a 1959, kuɗin gwamnati ya koma kan manyan hanyoyin mota. Shirin jirgin lantarki da magajin gari Dove-Myer Robinson ya yi ta fafutuka a kai, gwamnatin Niyu Zilan ta Robert Muldoon ta yi watsi da shi a tsakiyar shekarun 1970, duk da cewa Wellington yana da jirgin lantarki tun 1938. Abin da ya rage wa Auckland shi ne tsofaffin taragun shekarun 1930 da 1940 da kan jirgi ke ja, suna tsayawa a tashar Beach Road, wadda ke da ɗan nisa da tsakiyar kasuwancin birni. A farkon shekarun 1990 fasinjojin shekara guda ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, kuma maganar rufe layin gaba ɗaya ba sabuwa ba ce.

Cinikin 1993 da abin da ya biyo baya

Kamfanin New Zealand Rail ya sayi jirage 19 daga Perth: ADL duka 10, da ADK guda 9. Abin da ya sa cinikin ya yiwu shi ne faɗin layi. Layukan cikin Perth da na Niyu Zilan duka milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato faɗin tsohon layin Legas zuwa Kano, don haka ba a buƙaci canja ƙafafun jiragen ba. Ƙasar da layinta ke da wannan faɗin tana da ƙaramar kasuwa ta kayan hannu, kuma samun rukuni guda cikakke, da kayan gyaransa, mai ƙarancin shekaru kamar ADL, sa'a ce da ba kasafai ake samu ba.

A nan ne ya kamata mai bincike ya yi taka-tsantsan, domin an saba jingina farfaɗowar jirgin Auckland kacokan ga waɗannan jirage, kuma alƙaluman ba su goyi bayan hakan ba. Fasinja ya ƙaru bayan 1993, amma a hankali: shekara goma bayan zuwansu, a 2003, adadin yana wajen miliyan 2.5. Babban tashin ya zo ne bayan buɗe tashar Britomart a Yulin 2003, wadda ta dawo da jirgi har gindin titin Queen, cikin tsohon ginin babban gidan waya. Daga nan aka ninka layin yamma ya zama biyu, aka sake buɗe layin Onehunga a 2010, zuwa 2011 fasinja ya kusa miliyan 10. Don haka wurin da jirgi ke sauke mutum, da yawan zuwansa, su suka jawo jama'a.

Sai dai a ganina wannan bai rage wa jiragen Perth daraja ba. Ba wanda zai haƙa tasha a ƙarƙashin ƙasa domin layin da aka riga aka rufe. Jiragen sun rage kuɗin gudanarwa a lokacin da ake neman hujjar rufewa, sun sa jadawali ya zama abin da ma'aikaci zai iya dogara da shi, kuma ƙirarsu ta dace da Britomart, wadda a lokacin tasha ce mai bakin shiga ɗaya, jirgi ya shiga ya fito ta inda ya shiga. Tasirinsu na riƙe ƙofa ne a buɗe, abin da ke da wuyar aunawa da alƙaluma, shi ya sa ake yawan ko dai zuzuta shi ko a manta da shi.

Nasarar kuma ita ta tona iyakarsu. Jirgi mai tarago biyu ba ya ɗaukar cunkoson safiya. An yi wa ADL garambawul a farkon shekarun 2000, aka haɗa ADK biyu-biyu suka zama masu tarago huɗu, duk da haka bai isa ba. Daga 2004 sai da aka shigo da tsofaffin taragun Birtaniya, aka sake gina su, kan jirgi na dizal yana jansu ko yana tura su. Hayaƙin dizal a tashar da ke ƙarƙashin ƙasa kuma ya tilasta sa manyan na'urorin zuƙe iska, ga ƙara, ga jinkirin tashi daga tasha idan aka kwatanta da jirgin lantarki.

Ƙarshen aiki

A 2011 aka ba kamfanin CAF na Sifaniya kwangilar jiragen lantarki 57 masu tarago uku-uku. Na farko sun fara ɗaukar fasinja a layin Onehunga ranar 28 ga Afrilu 2014, zuwa Yulin 2015 sun karɓe kusan dukkan layukan birnin. An ajiye ADK a ƙarshen 2014, suna da shekara kusan 47. Wayar lantarki ta tsaya a Papakura, don haka aka bar ADL suna kai-da-komo tsakanin Papakura da Pukekohe, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, har zuwa Agustan 2022, lokacin da aka rufe wannan sashen domin sa masa waya. ADL sun yi shekara 29 a Auckland, kusan ninki uku na abin da suka yi a birnin da aka ƙera su dominsa.

Su kuwa ADK, a 2017 aka sayar da mafi yawansu zuwa Mozambik, inda layin dogo yake da faɗin milimita 1,067 shi ma. Aka sa su cikin tsarin MetroBus, suna ɗauko ma'aikata daga Matola da Boane zuwa Maputo, bas na jiransu a tasha, suna da shekara hamsin da ƙerawa.