Tsakanin Kasuwar Adjamé da Cibiyar Zuciya ta Treichville: Nazari Kan Ci Gaban Jinyar Ciwon Zuciya a Abijan

Tsakure

Wannan maƙala ta duba sauye-sauyen da aka samu a jinyar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa. Ta mai da hankali kan gundumomi biyu: Treichville, inda babbar cibiyar zuciya ta ƙasar take, da Adjamé, matattarar kasuwanni da tashoshin mota, inda Hausawa 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago suke neman abinci. An dogara da rahotannin da likitocin cibiyar suka wallafa da kuma binciken haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka tsakanin 1991 da 2023. Abin da nazarin ya gano shi ne, ƙwarewar aikin zuciya ta bunƙasa sosai a Treichville, amma amfaninta yana zubewa a hanya saboda hawan jinin da ba a auna ba, da maganin da ba shi da inganci, da jinkirin zuwa asibiti.

Muhimman kalmomi: hawan jini, toshewar jijiyar zuciya, ingancin magani, Hausawan Abijan

Gabatarwa

Tsakanin Adjamé da Treichville babu abin da ya raba sai unguwar Plateau da gadar da ta ratsa tafkin Ebrié. Idan hanya babu cunkoso, tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Duk da haka, mai ciwon ƙirji da ya taso daga cikin birnin yakan iso gaban likitan zuciya bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da tsokar zuciyar da ake son ceto ta riga ta mutu. Wannan tazara ce maƙalar take son fahimta, domin ita ce take yanke hukuncin ko sabuwar fasahar jinya za ta amfani talaka ko kuwa za ta tsaya ga wanda yake da hali da sani.

Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen gundumar Abijan sun haura miliyan 6. Cikinsu akwai Hausawa daga Nijar da Nijeriya, waɗansu an haife su a can, waɗansu kuma 'yan ci-rani ne: mahauta da masu gasa nama, masu sayar da garba, dillalan albasa, 'yan tireda da masu dako. Rayuwarsu ta yini a kasuwa da cin abincin titi ta sa batun haɗarin ciwon zuciya ya shafe su kai tsaye.

Abin da Treichville ta cim ma

An buɗe Institut de Cardiologie d'Abidjan a 1976 a harabar asibitin koyarwa na Treichville, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Edmond Bertrand. A 1978 aka fara tiyatar buɗe zuciya a wurin, abin da ya sa cibiyar ta shiga sahun farko a Afirka ta Yamma. A shekarunta na farko ta yi suna da aikin da Dominique Metras da abokansa suka yi kan wata cuta ta yankuna masu zafi wadda take sa bangon cikin zuciya ya yi kauri ya ƙage. Rahoton Yangni-Angate da abokan aikinsa (2016) ya lissafa mutum 2,612 da aka yi wa tiyatar buɗe zuciya a ƙasar daga 1978 zuwa 2013, kuma fiye da rabinsu lalacewar ƙofofin zuciya ce ta kawo su, irin wadda take biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba.

Wannan adadi abin alfahari ne ga likitocin tiyata, amma abin takaici ne ga kiwon lafiya a matakin farko. Binciken GOAL da aka yi a Yuganda (Beaton da wasu, 2022) ya nuna cewa allurar fenisilin duk mako huɗu ta rage ci gaban cutar a yaran da aka gano da wuri: kashi 0.8 cikin ɗari a waɗanda aka yi wa allura, kashi 8.2 a waɗanda ba a yi wa ba. Allura ce mai araha da kowane ƙaramin asibiti zai iya yi.

Sauyi na biyu ya zo a 2010, lokacin da cibiyar ta fara buɗe toshewar jijiyoyin zuciya ta hanyar zura siririn bututu daga hannu ko cinya, ba tare da yanka ƙirji ba. Kafin nan an daɗe ana koyar da cewa wannan ciwo ba na baƙar fata ba ne. Binciken CORONAFRIC na 1991, wanda ya haɗa ƙasashe 13, ya sami kashi 3.17 cikin ɗari kacal a cikin masu ciwon zuciya da aka kwantar. Da N'Guetta da abokansa suka duba waɗanda aka kwantar a Treichville daga 2010 zuwa 2013, sai suka tarar adadin ya kai kashi 13.5, kuma matsakaicin shekarun marasa lafiyar wajen 55 ne. Ya kamata a yi hattara wajen kwatanta alƙaluman biyu, domin na'urorin gano cutar sun ƙaru a tsakani. Amma ko da an rage wannan, sauran ya isa ya rushe tsohon zato. Mutum mai shekara 55 a Adjamé shi ne mai riƙe da shago, mai biyan kuɗin makaranta, mai aika kuɗi Tawa ko Katsina.

Rahoton N'Guetta ya kuma nuna cewa matsakaicin lokacin da mara lafiya yake ɗauka kafin ya iso ya haura sa'o'i 40. Maganin narkar da gudan jini kuwa amfaninsa yana cikin sa'o'i 12 na farko, kuma kowace sa'a da ta wuce yana raguwa. Don haka ne taron AFRICARDIO na 2015 ya ba da shawarar a kafa hanyar sadarwa tsakanin ƙananan asibitoci da cibiyoyin zuciya, a riƙa ɗaukar awon bugun zuciya a inda mara lafiya ya fara zuwa, a tura wa ƙwararre ya karanta.

Hawan jini: tushen da ake takawa a wuce

Sau da yawa idan aka bi diddigin ciwon zuciya a wannan yanki, a hawan jini ake tsayawa. Binciken THESUS-HF (Damasceno da wasu, 2012), wanda ya haɗa mutum 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashe 9, ya gano hawan jini ne sanadi a kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Binciken SIREN na Gana da Nijeriya (Owolabi da wasu, 2018) ya danganta kusan kashi 91 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki da hawan jini. A Kwaddibuwa, binciken STEPS na 2005 a yankin Abijan ya sami kashi 21.7 na manya suna da shi, binciken ƙasa baki ɗaya na 2017 kuma ya sami kusan kashi 40, tare da ciwon suga kashi 6.2.

A nan ne ilimi ya fi ci gaba, kuma a nan ne aiki da shi ya fi jinkiri. Gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta (2019), wanda Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake cikin masu gudanar da shi, ya gwada haɗin magunguna bibbiyu har iri uku a kan mutum 728 a ƙasashe 6 na Afirka. Sakamakon ya fito fili: haɗin da yake ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jini a baƙar fata fiye da haɗin da babu shi. A 2019 ɗin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar da ta haɗa magungunan hawan jini biyu cikin jerin muhimman magunguna, a 2023 kuma ta ƙara ƙwayar da ta haɗa maganin hawan jini da na kitsen jini. Likita a yau ya san abin da zai rubuta. Amma binciken EIGHT, wanda ya duba mutum 2,198 masu hawan jini a ƙasashe 12 har da Kwaddibuwa da Nijar, ya tarar kashi 77 cikin ɗari jininsu bai sauka yadda ake so ba, alhali mutane ne da suka riga suka isa gaban likitan zuciya. Talauci da komawa ga maganin gargajiya suna cikin abubuwan da aka gano suna hana shan magani a kai a kai.

Maganin Roxy

Adjamé ce take ɗauke da kasuwar Roxy, wadda ta shahara a yankin da sayar da magunguna a kan tebur da cikin faranti. Hukumomi sun sha kai samame, ciki har da babban samamen 2017, amma ciniki yana komawa, domin abin da yake kai mutane can bai gushe ba: ana sayar da ƙwaya ɗaya ko biyar gwargwadon kuɗin mutum, ba a tambayar takardar likita, kuma ana magana da mai saye da harshen da yake ji.

Binciken SEVEN (Antignac da wasu, 2017) ya auna wannan matsala da ma'auni. An sayi magungunan zuciya iri 7 daga kantunan magani masu lasisi da kasuwannin titi a ƙasashe 10, Kwaddibuwa da Nijar na ciki, aka gwada samfur 1,530 a ɗakin gwaji. Kashi 16.3 cikin ɗari ba su cika ƙa'ida ba. Amlodifin shi ne ya fi lalacewa, kusan kashi 29, sai kaftofril kusan kashi 26, kuma abin ya fi muni a kasuwar titi. A ra'ayin wannan marubuci, haɗa CREOLE da SEVEN wuri ɗaya shi ne darasi mafi nauyi a wannan fage: maganin da bincike ya tabbatar ya fi dacewa da jikinmu shi ne wanda aka fi samun gurɓatacce. Illar kuma ba ta tsaya ga mara lafiya ba. Likita zai ga jini bai sauka ba, ya ƙara wani magani, ya zaci cutar ce mai taurin kai, mara lafiya kuma ya yanke ƙauna daga asibiti gaba ɗaya. Jabun maganin zazzaɓi yana tona kansa cikin kwana uku. Na hawan jini yana iya ɓuya shekaru, sai ranar da mutum ya faɗi.

Tsarin inshorar lafiya na bai-ɗaya na Kwaddibuwa, wanda aka yi wa doka a 2014 ya fara aiki a 2019, yana karɓar sefa 1,000 a wata daga kowane mutum, yana biyan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin ayyukan da ya ƙunsa. Gwajinsa na gaskiya a wannan fanni shi ne ko zai sa amlodifin mai kyau ya fi na tebur sauƙin samu.

Abinci, jego da ma'aunin haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba yake ci ya kai giram 5 a yini. Kwanon garba, wato acceke (dambun rogo) da soyayyen kifi, ana barbaɗa masa gishiri da dunƙule, ana soya kifin a man da aka sha maimaitawa. Gasasshen nama kuma yajinsa da gishiri da dunƙule ake haɗa shi. Hausawa suna gefe biyu na wannan tebur, su ne masu sayarwa kuma su ne masu ci. Gwajin SSaSS na ƙasar Sin (2021), mai mutum kusan 21,000, ya nuna gishirin da aka rage wa sinadarin sodiyam aka ƙara fotashiyam ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Ƙungiyoyin masu garba da mahauta wuri ne da ya dace a gwada irin wannan, tare da kiyaye masu ciwon ƙoda.

Akwai kuma ciwon zuciyar masu jego. Davidson da Parry sun bayyana yawansa a Zariya a shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Rajistar PEACE da Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta (2020), mai mata 406, ta sauya wannan fahimta: ba ta sami alaƙa da al'adun jego ba, sai da rama, rashin ilimin boko, rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki, wasu binciken Kano da Yamai kuma sun nuna ƙarancin sinadarin seleniyam. Ma'aikacin lafiya a Adjamé da ya ga maijego Bahaushiya da kumburin ƙafa da haki bai kamata ya sallame ta da faɗa kan al'ada ba. Hoton zuciya take buƙata.

Game da ma'aunin haɗari, yawancin lissafin da ake amfani da shi ya samo asali daga binciken Framingham na Amurka wanda aka fara a 1948. Jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya gyara lissafin don yankuna 21, har da nau'in da ba ya buƙatar gwajin jini, sai shekaru, jinsi, shan taba, awon jini da nauyin jiki. Wannan nau'i shi ne ya dace da kasuwa. Sai dai rajistar asibiti tana ƙidaya wanda ya iso ne kawai. Ɗan ci-ranin da jikinsa ya shanye aka sa shi a mota zuwa Maraɗi, da wanda ya rasu a ɗaki aka yi masa sutura kafin la'asar, ba sa shiga lissafin Treichville.

Shawara

Cibiyar kula da masu ciwon suga ta Abijan tana cikin Institut National de Santé Publique, a Adjamé ɗin kanta, saboda haka akwai harsashin da za a ɗora aiki a kai. Abin da ake buƙata shi ne bincike mai bin mutane shekara da shekaru a cikin kasuwa, wanda zai rubuta harshe da sana'a da inda mutum yake sayen magani, ya kuma gwada ƙwayoyin da yake sha, ya bi sawun wanda ya koma gida. Likitocin zuciya na Kano da Zariya da Yamai suna da harshen da ƙwarewar, na Treichville suna da na'urori da marasa lafiyar. Haɗa hannu tsakaninsu ba ya buƙatar sabon gini. Ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Adjamé da Treichville kuwa, roƙon shi ne su nemi a riƙa auna jini a harabar masallaci ranar Juma'a da kuma tashoshin mota, su kuma sanar da jama'arsu da Hausa cewa nauyin ƙirji mai zuwa da gumi ko haki ba a kwana da shi: a kira motar agaji ta SAMU a lamba 185, ko a wuce Treichville a wannan sa'ar.