Goro: daga Gwanja zuwa aljihun mai hawan jini

Mai karatu, in ka taɓa zama a zauren ɗaurin aure a Tofa ko ƙauyukanta, ka san ba a watsewa sai an zagaya da goro. Shi ake kaiwa neman aure, shi ake rabawa ranar suna, kuma in aka ce maka "albishirinka", ba ka da amsar da ta wuce "goro". Ga shi kuwa bishiyarsa ba ta yi a ƙasarmu. Ɗan kurmi ne, sai inda ruwan sama ya wadata.

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowarsa ƙasar Hausa da Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ya ce Sarkin Nupe ya aika wa goro 10,000. Ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanya zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. A ƙarni na 19 fataucin ya kai ƙololuwarsa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna tufafi da kanwa da fatu, su nufi kasuwar Salaga, inda goron ƙasar Asante ke sauka. Tafiyar zuwa da dawowa takan ci watanni, wani lokaci ta doshi shekara. A hanya ana biyan sarakuna kuɗin wucewa, ana fargabar 'yan fashi, ana kwance huhu a tsince wanda ya lalace, a yayyafa wa sauran ruwa don kada ya bushe.

Abin da ya sha wannan wahala ba ya araha. Goro ya zama na sarakuna da attajirai da manyan malamai, talaka kuwa sai ranar biki ya samu ɗan ɓari. Daga nan darajarsa ta samo asali: wanda ya ba ka goro ya ba ka abu mai tsada, mayar masa da shi kuma cin fuska ne.

Sai al'amura suka juya. Yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, suka koma ɗauko goro ta teku daga Akara zuwa Ikko. Layin dogo ya iso Kano a 1911, manoman ƙasar Yarabawa kuma suka shiga dasa irin na Gwanja a wajejen Agege da Shagamu. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A daidai lokacin ne kuɗin gyaɗa ya fara shiga hannun manoman karkarar Kano, sai wanda kakansa ke ganin goro daga salla sai salla ya iya sayensa kullum. Yau motoci ne ke sauke shi a kasuwar Mariri, daga can ya bazu zuwa farantin 'yan talla.

Farashin ya faɗi, cin ya ƙaru ninki-ninki, amma ladabin bai canza ba. Nan ne matsalarka take in likita ya ce kana da hawan jini.

Goro na ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshensa. Shi ne ke kore wa direba da mai karatun dare gyangyaɗi. Shi ne kuma ke ɗaga awon jini na ɗan lokaci, ya sa zuciya bugawa da sauri, ya ƙara ruwan tsami a ciki har mai ƙwannafi ko gyambon ciki ya ji a jikinsa. Jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa, don haka goron bayan la'asar yana nan tare da kai a kan shimfiɗa. Mai juna biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci wadda ke wuce miligiram 300 na kafeyin a rana da ta rage, kuma lissafin ya haɗa goro da shayi da lemon kwalba baƙi.

A ganina, cewa dattijo ya daina karɓar goro umarni ne da ba zai biyu ba, domin kamar ka ce ya daina amsa sallama ne. Abin da al'ada ta wajabta shi ne karɓa da godiya, ba ta taɓa tilasta taunawa a gaban mai bayarwa ba. Ka karɓa da hannu biyu, ka sa albarka, ka jefa aljihu. In ka daɗe kana ci, kada ka yanke rana ɗaya, ciwon kai da kasala za su biyo baya. Ka rage a hankali cikin makonni, ka tsaya ga ɓari guda da hantsi. Ranar da za ka je awon jini, ka bar rabin awa aƙalla tsakaninsa da awon, kuma in ma'aikacin lafiya ya tambaye ka ko kana shan kofi, ka gaya masa goro nawa kake ci a yini.