Ɗigo Shida Da Lambar Shafi: Tarihin Ƙa'idojin Mayar Da Littafin Makaranta Zuwa Rubutun Makafi

Gabatarwa

A kowace makarantar sakandare, tun daga Ikara zuwa Maƙarfi har a dangana da Kudan da Hunƙuyi, akwai wata magana da mu malamai kan furta kullum ba tare da mun auna nauyinta ba, wato: "Kowa ya buɗe shafi na 42." Ɗalibi mai ido kafin ƙiftawa ya isa wurin. Shi kuwa makaho, ko da an yi dace yana riƙe da littafin a rubutun makafi, isarsa wannan shafi ta dogara ne a kan ko wanda ya juya littafin ya bi ƙa'ida ko bai bi ba. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi sawun waɗannan ƙa'idoji, mu ga inda suka samo asali, sa'an nan mu duba abin da ya rataya a wuyanmu mu marubuta.

Makaho Da Ilmi A Ƙasar Hausa

Bahaushe bai taɓa raba makaho da ilmi ba, sai dai ilmin na kunne ne da hadda. Mun san makafi mahaddata Alƙur'ani, mun kuma san Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙoƙin Imfiraji, wanda ya riƙa tsara baitoci a ka wasu na rubutawa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. To amma karatun boko ya zo da wani hali daban. Akwai jadawali, akwai taswira, akwai lissafin da ake jerawa lamba a ƙarƙashin lamba, ga jarrabawar da ke son ɗalibi ya san yadda ake rubuta kalma harafi bayan harafi. Kunne kaɗai ba ya ɗaukar wannan kaya, dole sai an sami rubutun da yatsa zai karanta.

Asalin Ɗigo Shida

An haifi Louis Braille a 1809 a wani ƙauye mai suna Coupvray a ƙasar Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki, kuma da makamin dukancin ne yaron ya soki idonsa yana da shekara uku, ciwon ya harbi ɗayan, ya makance. A 1819 ya shiga makarantar makafi ta birnin Paris, inda ake karatu da manyan haruffa masu tudu, irin na masu ido, waɗanda yatsa ke wahalar ganewa. Wani tsohon soja, Charles Barbier, ya kawo wa makarantar tsarin rubutu mai ɗigo 12. Braille ya lura cewa kan yatsa ba ya rufe ɗigo 12 a taɓawa ɗaya, sai ya rage su zuwa shida, uku a hagu uku a dama. Daga wannan ɗan gida ake fitar da alamomi 63. Ya buga tsarin a 1829, ya rasu a 1852, makarantarsa ba ta karɓe shi a hukumance ba sai a 1854. Sunansa ne rubutun ya ci, ake ce masa birel.

Alamomi 63 ba su isa a ba kowane abu tasa ba, shi ya sa tun farko rubutun ya ginu a kan ƙa'ida. Babu babban baƙi, sai dai a sa ɗigo guda a gaban harafi ya nuna babba ne. Babu lambobi na musamman, sai a sa alamar lamba, haruffa goma na farko su koma 1 zuwa 0. Idan mai juyi ya manta alamar, 12 ta zama "ab".

Rikicin Tsare-Tsare

Samuwar haruffa ba ta kawo haɗin kai nan take ba. A Amurka an daɗe ana fafatawa tsakanin tsare-tsare masu ɗigo daban-daban, har ya zama makahon da ya yi karatu a wata makaranta ba ya iya karanta littafin wata. Sai a 1932 Ingila da Amurka suka amince da birel ɗin Ingilishi guda. Daga baya hukumar UNESCO ta ɗauki Sir Clutha Mackenzie, wani makaho ɗan ƙasar New Zealand, ya jagoranci daidaita birel na harsunan duniya a farkon shekarun 1950, a kan manufar cewa sauti iri ɗaya ya sami alama iri ɗaya gwargwadon hali. A kan wannan turba ne Larabci ya sami nasa, ana karanta shi daga hagu zuwa dama, Hausa ma ta sami nata, inda ɓ da ɗ da ƙ suke da alamominsu na kansu.

A wannan zamani ne rubutun ya kafu a Arewacin Nijeriya, lokacin da mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Makarantar Pacelli ta Legas ta biyo baya a 1962. A 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta keɓe wa ilmin naƙasassu sashe, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. Jihohi suka buɗe nasu makarantun, kamar ta Tudun Maliki a Kano da ta cikin garin Kaduna. A 2005 Nijeriya ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka karɓi haɗaɗɗen birel ɗin Ingilishi, wanda ya tattara adabi da lissafi da kimiyya a tsari guda. Ingila sai a 2011 ta amince da shi, Amurka kuwa a 2012.

Ƙa'idojin Tsara Shafi

Daidaita haruffa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne tsara shafi. Mai ido yana duban shafi gaba ɗaya, ya ga kan magana da hoto da jadawali a lokaci guda. Yatsa kuwa gida ɗaya yake taɓawa, saboda haka sai an shimfiɗa masa hanya. Hukumar birel ta Amurka da Kanada ta tattara irin waɗannan ƙa'idoji a wani kundi mai suna Braille Formats a 1997, ta sabunta shi a 2011 da 2016. Wasu ƙasashe sun saɓa da shi a ƙananan abubuwa, amma dai bari mu ɗauki misalai daga cikinsa.

Shafin birel yana ɗaukar layi 25, kowane layi gida 40. Wannan ya sa shafi ɗaya na bugu kan cinye shafi biyu ko uku, littafi guda kuma ya rabu juzu'i da yawa. Don kada ɗalibi ya ɓata, kowane shafi yana ɗauke da lamba biyu: ta littafin masu ido a sama ta dama, ta birel a ƙasa. Idan shafi na 42 ya zarce, sai a rubuta a42, sa'an nan b42. Idan kuma ya ƙare a tsakiya, sai a ja layin ɗigo daga gefe zuwa gefe, a sa sabuwar lamba a ƙarshensa.

Sakin layi yana farawa ne a gida na uku. Waƙa kuwa akasin haka ce: kowane ɗango ya fara a gida na ɗaya, idan ya yi tsawo ragowarsa ta sauka a gida na uku, don mai karatu ya san ba sabon ɗango ba ne. Mu da muke koyar da ƙwar biyu da ƙwar biyar da amsa-amo mun san idan aka cuɗe ɗangwaye, an kashe waƙar. Haka nan idan akwai hoto ko taswira, mai juyi ya bayyana shi da kalmomi ko ya yi masa zane mai tudu, kuma duk maganar da ya ƙara ta kansa sai ya killace ta da alama, don kada a jingina wa marubuci abin da bai faɗa ba. Tushen abin duka shi ne amana: a bi bugu sau da ƙafa, ba ragi ba ƙari.

Abin Da Ya Shafe Mu

A da, ko an sami mai juyi, dokar haƙƙin mallaka kan tare hanya. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2017, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, sun ba da damar a mayar wa makafi littafi ba tare da jiran izini ba. Aikin kansa ya yi sauƙi. Daga allo da tsinke aka koma tafiretar Perkins da ta fito a 1951, yanzu kuma kwamfuta ke juyawa inji ya buga.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take juyawa. Wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ko "bari" yana nufin "ɓari", mai ido zai iya dubawa sama da ƙasa ya gane nufinsa, amma yaron da ke koyon ƙa'idar rubutu da yatsa kuskuren zai haddace. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu fatan littafinsu ya shiga manhaja, da su kiyaye abu huɗu. Na farko, su rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa yadda suke. Na biyu, su bambanta kan babi da ƙaramin kan magana, su raba baiti da baiti a fili. Na uku, kowane hoto ya zo da bayani a ƙarƙashinsa, kada a wadatu da cewa "dubi wannan zane". Na huɗu, su adana rubutun da ke cikin kwamfuta, su miƙa shi ga makarantun makafi idan an nema, domin ya fi sake bugawa daga takarda sauƙi da ƙarancin kuskure.

Kammalawa

Daga 1829 zuwa 1953, shekara 124 ke nan rubutun nan ya yi kafin ya sami makaranta a Arewa. Bai kamata yaron da ke ƙauyukan Maƙarfi ko Kudan, wanda ƙyanda ko ciwon ido ya ɗauke wa gani, ya sake wani dogon jira kafin ya karanta Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce da hannunsa ba. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane reshe na ƙungiyarmu zai iya zaɓen littafi ɗaya a shekara, ya gyara rubutunsa, ya nemi masu juyi, ya kai shi makarantar makafi mafi kusa. Wanda ya rubuta Hausa bisa ƙa'ida ya riga ya ɗauke wa mai juyi rabin wahala.