Orchestre Poly-Rythmo ta Kwatano da Tarihin Fayafayanta

Orchestre Poly-Rythmo ƙungiyar makaɗan zamani ce ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, wadda Mélomé Clément ya kafa a 1968, tun ana kiran ƙasar Dahomey. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980 ta naɗi waƙoƙi kimanin 500 a kan faifan garmaho, kuma ƙungiyoyi kaɗan ne a Afirka ta Yamma suka kama ƙafarta wajen yawan aiki. Ta yi tashe a gida, ta dushe sama da shekara ashirin, sannan ta dawo bayan da kamfanonin Turai suka tono tsofaffin fayafayanta suka sake buga su.

Mutanenta da kiɗanta

Fitattun 'yan ƙungiyar sun haɗa da mawaƙa biyu, Vincent Ahehehinnou da Eskill Lohento, da Bernard Zoundegnon mai gita, wanda aka fi sani da Papillon, da Yehouessi Léopold mai ganguna, da Gustave Bentho, da Pierre Loko. Suna waƙa da harshen Fon da Mina da Yarabanci da Faransanci. Sun sha daga James Brown da Fela Kuti, da kiɗan Kuba da na Kwango, kamar sauran makaɗan zamaninsu. Abin da ya bambanta su shi ne kiɗan vodun, addinin gargajiya na kudancin Benin, inda kowane abin bauta yake da nasa take, kamar yadda kowane iska yake da nasa kiɗa a wasan bori. Biyu suka fi ɗauka: sato, na wata doguwar ganga da ake bugawa a bikin tunawa da mamata, da sakpata, na abin bautar da ake dangantawa da ƙasa da ciwon agana. Suka ɗora waɗannan a kan gita da ƙahonin Turawa, har abin ya shiga gidajen rawa.

Yadda ake naɗar faifai

Babban uban gidansu shi ne Adissa Seidou, mai kamfanin Albarika Store. Shi yakan kwashe su zuwa Legas, ta hanyar Seme da fataken Zangon Kwatano suka sani ciki da bai, a naɗi waƙa a situdiyon EMI, inda kayan aiki suke na gani na faɗa. Kundinsu na farko ya fito a 1973. A Kwatano ma an sami kamfanin Satel, mai situdiyo da injin buga faifai, wanda ya rage wa makaɗan ƙasar zirga-zirga.

Amma akwai wani aikin na bayan fage. Kuɗin Albarika ba ya isar ƙungiya mai mutum fiye da goma, don haka idan mai gida ya ba da baya sai su yi wa ƙananan kamfanoni aiki. A nan babu situdiyo. A gidan wani ake taruwa, galibi da dare bayan hayaniyar gari ta lafa, a ajiye rikodar zare ƙirar Nagra da makirufo ɗaya ko biyu. Mawaƙi ya tsaya dab da makirufon, sauran su ja baya gwargwadon ƙarar abin da kowa ke riƙe da shi, mai ganguna can ƙurya. Kowa ya buga tare, kai tsaye. Wanda ya yi kuskure ya jawo wa kowa komawa farko. Sai a buga ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska, kwafi 'yan ɗaruruwa, a sayar a gari. Sautin yana da kaushi, amma a ganin masu saurare da yawa waɗannan ne suka fi zafi a duk abin da ƙungiyar ta bari.

Dushewa

Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a Oktoban 1972, ya rungumi gurguzu a 1974, ya sauya wa ƙasar suna zuwa Benin a 1975. Ƙungiyar ta yi waƙoƙin juyin juya hali, kamar yadda zamanin ya buƙata. Ahehehinnou ya bar ta a 1978, Papillon da Yehouessi suka rasu a farkon shekarun 1980. Kaset ya zo, mai arha da sauƙin kwafa, ya kashe kasuwar garmaho, tattalin arzikin ƙasar kuma ya durƙushe kafin ƙarshen shekarun 1980. Fayafayan suka koma ƙarƙashin gado da ɗakunan ajiya, inda raɓar bakin teku da zafi suka ci na ci.

Sake bugawa

Kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙinsu a 2004. Wanda ya fi zurfafawa shi ne Samy Ben Redjeb, haifaffen Tunisiya, mai kamfanin Analog Africa a Frankfurt ta Jamus. Ya yi ta zuwa Benin yana bin tsofaffin masu shaguna da makaɗan da suka rage, yana tattara fayafai da hotuna da labarai. Daga nan aka sami The Vodoun Effect a 2008, wanda ya tara aikin ƙananan kamfanonin nan na 1972 zuwa 1975, da Echos Hypnotiques a 2009 daga taskar Albarika, sai kundin 1973 da aka sake bugawa a 2011. A farkon shekarun 2020 kamfanin Acid Jazz na Landan ya shiga sake buga kayan Albarika, ciki har da kundin Le Sato.

Idan aka gwada da jaz na Amurka za a ga bambancin. Kundin Sunday at the Village Vanguard, wanda Bill Evans mai fiyano ya naɗa da Scott LaFaro da Paul Motian a gaban 'yan kallo a New York ranar 25 ga Yunin 1961, an sake buga shi sau da dama a kan garmaho cikin sauƙi, domin kamfani ya adana zarensa kuma sunansa bai taɓa ɓacewa daga kasuwa ba. Na ƙananan kamfanonin Kwatano kuwa, sau da yawa tsohon faifan da ya sha allura shi ne abin da ya rage, daga shi ake kwafo sautin a goge masa ƙaraurau.

Farfaɗowar ta kai ga su kansu makaɗan. Wata 'yar jaridar Faransa, Élodie Maillot, ta nemo su ta shirya musu rangadin Turai a 2009, shekara arba'in da ɗoriya bayan kafuwarsu. A 2011 suka fitar da sabon kundi, Cotonou Club, a kamfanin Strut, tare da Angélique Kidjo da Fatoumata Diawara. Mélomé ya rasu a Disamban 2012, sauran suka ci gaba har suka fitar da Madjafalao a 2016. Sababbin fayafayan dai a Turai ake buga su, da yuro da fam ake sayar da su, kuma yawancin masu sayensu ba su taɓa taka Kwatano ba. A Vêdoko da Zango da sauran unguwannin birnin, mai son jin Poly-Rythmo yau a waya ko a rediyo yake jin ta.