BINDIGA MAI SAKATA: SAUƘI MA DA KUƊINSA

Na san wata za ta ce, "Yau kuma ina ruwan mace da zancen bindiga?" Ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Tarihin wannan bindiga na ɗauke da darasin da na ga ya shafe mu, wato duk abin da aka ce miki ya yi sauƙi, to ki tambaya me aka cire masa.

Kin dai san sakatar ƙofar ɗakinki. To irinta ce a jikin wannan bindiga. Maharbi zai ɗaga ta ya ja baya, kwanson harsashin da aka harba ya fice, ya tura ta gaba ta cusa sabo, sannan ya danna ta ƙasa ta kulle. Kafin zuwanta, yawancin bindigogi ta baki ake ɗura musu albarushi, kamar dai bindigar toka ta maharban ƙauyenmu.

Wani Bajamushe mai suna Dreyse ne ya ƙera wadda sojan Furushiya suka fara riƙewa a 1841. A 1866 suka gwabza da Ostiriya. Sojan Ostiriya na fama da ɗuri ta baki, su kuwa na Furushiya suna kwance rub-da-ciki suna jan sakata, kafin wancan ya yi harbi ɗaya sun yi uku ko fiye. Daga nan duniya ta farga. A 1898 kamfanin Mauser ya fitar da tasa mai cin harsashi 5, wadda har gobe yawancin bindigogin farauta tsarinta suke bi. Ingila kuma ta riƙi Lee-Enfield mai cin harsashi 10, irinta ce kakanninmu suka rataya a yaƙin Bama.

Sai dai fa akwai nauyi. Kowace cikinsu ta kai kilo 4. A hannu ba komai ba ne, amma duk wadda ta taɓa ɗauko tulu daga rafi ta san yadda kaya ke ƙara nauyi in tafiya ta yi nisa. Don haka a 1944 Turawan Ingila suka yi wa sojansu wata ƙarama saboda yaƙin kurmi. Suka datse bututun, suka feƙe ƙarfen da sakatar ke zama a ciki, suka rage katako, nauyinta ya dawo kamar kilo 3 da ɗan kai. Sojoji suka ji daɗin rataya ta. Amma da aka ja kunama, sai kafaɗa ta gaya musu, don harsashin bai canza ba. Sannan rahotanni suka yi ta zuwa cewa saitinta ba ya zama wuri guda, a gyara yau gobe ya goce. A 1947 aka daina ƙera ta, shekara uku kacal.

Duk da haka maharba ba su haƙura ba, musamman masu hawan duwatsu. A Amurka, kamfanin Winchester ya fitar da Model 70 a 1936, a 1952 ya kawo mara nauyinta. A 1985 wani maƙeri, Melvin Forbes, ya zo da wadda ba ta kai kilo 2 da rabi ba, don ya bar katako ya koma wa wani irin zare mai ƙarfi da ake daskarar da shi. A yau kuwa irin waɗannan sun cika kasuwanninsu.

To amma lissafin bai canza ba, 'yar uwa. In harsashi ɗaya ne, aka rage rabin nauyin bindiga, ƙarfin shurinta ninkawa yake. Wanda ya sha shuri kuwa yakan fara runtse ido tun kafin ya harba. Siririn bututu na saurin zafi, bayan harbi uku ko huɗu sai harsashi ya soma yawo. Ga ta ba ta da nauyin da zai danne rawar hannu, numfashi da bugun zuciya ma girgiza ta suke. Shi ya sa a wata gasar harbin yadi 1,000 ake yarda bindiga ta kai kilo 10. Masu gasar ba wawaye ba ne, sun san nauyin nan shi ne natsuwarsu. Kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, harsashi ma haka, ga iska na tura shi gefe.

Me ya sa kuskuren saiti ya dame ni? Bari in kai ki tsaunukan Kumaon a arewacin Indiya. A can aka yi wata damisa, irin mai zanen nan, da aka lissafa ta ci mutum 436 tsakanin Nepal da garin Champawat, da yawansu mata ne da 'yan mata masu zuwa itace da yankan ciyawa. A 1907 maharbi Jim Corbett ya kashe ta. Da ya buɗe bakinta sai ya tarar fiƙoƙinta biyu na dama a karye, ya ce tsohon harbi ne. Wato wani ya harbe ta bai kashe ba, farautar namun daji ta gagare ta, ta koma kan mutane. Allah sarki! Shi ya yi harbinsa ya tafi gida, matan ƙauye suka biya da rayukansu.

Saboda haka a ganina, maharbin kirki ba mafi sauƙi yake nema ba. Yana duba nisan tafiyarsa, da ƙarfin kafaɗarsa, da iyakar nisan da ya tabbata ba zai kuskure ba. In dabba ta wuce nan, ya matsa kusa ko ya ƙyale ta.

Mu ma haka ne. Tukunya mara nauyi ita ke ƙona tuwo. Saurayin da ya ce komai zai zo da sauƙi, babu bincike babu jira, ki tsaya ki duba me aka feƙe. Araha dai ba ta ado.

Allah ya sa mu dace, amin.